Ai Haƙorin Madara Ne, Zai Faɗi

Da yammacin wata Laraba a ƙarshen 2022, ina tsaka da tankaɗen garin masara, yara biyu suka shigo tsakar gida suna riƙe da 'yata ta fari, gaban hijabinta jage-jage da jini. An tashe su daga Islamiyya ne suna guje-guje, ta yi tuntuɓe da murfin kwata ta kifa da baki. Na wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri, da jinin ya tsagaita sai na ga ɓarnar: leɓenta na ƙasa ya tsage, ɗaya daga cikin manyan haƙoranta biyu na gaba kuma ya ɓalle kusan rabi. Shekarunta 11 a lokacin. Wannan haƙorin ba na madara ba ne, shi ne wanda za ta tsufa da shi.

Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce, ni kuma rainon kaka ce. A gida Yaya muke ce mata. Mai bi mata Abba, don sunan surukina ya ci, sai Auta. Ni 'yar Tudun Wadan Zariya ce, aure ya kawo ni Legas a 2009, kuma tun zuwana a Agege muke. Baban Abba albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, kafin a kira assalatu ya fita tarar motocin da suka taso daga Aliero da Sakkwato, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Saboda haka duk abin da ya shafi bakin yaran nan, ni ce na gani, ni ce kuma na kau da kai. Na faɗi haka ne tun yanzu don kada wani ya ɗauka ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Abin ya samo asali tun Yaya tana shekara 5. Turamenta na ƙasa suka fara kogo. Shayi mai sukari cokali uku da burodin Agege da safe, alewa a hanyar makaranta, da dare ta ɓingire barci ba a wanke baki ba, don a tunanina mai haƙoran madara bai kai a saya masa buroshi ba. Da ciwon ya fara hana mu barci na cusa mata kanumfari a kogon, na ba ta maganin zazzaɓi, kwana biyu ya lafa ya dawo. Sai wata maƙwabciya ta kai ni wajen wani mutum da ke cire haƙori a wani ɗan ɗaki bayan kantin magani. Ya leƙa bakin ya ce biyu ne suka lalace, ɗaya dama ɗaya hagu, na can ƙarshe. Na tambaye shi ko babu matsala, ya ce, "Madam, ai haƙorin madara ne, ko an bar shi zai faɗi." Da na dawo gida surukata Hajiya ma haka ta ce, Baban Abba ma haka ya ce. Ni kaina na maimaita wa wasu matan wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da Hajiya ta ƙara kawai shi ne kada yarinya ta bari ƙadangare ya ga giɓin, wai sai sabon ya ƙi fitowa.

Sai kuma tsotson yatsa. Yaya ta tsotsi babban yatsanta na dama har ta kai shekara 9. Ba abin da ban shafa masa ba, ruwan shuwaka, ganyen dogon yaro, har safa na taɓa ɗaura mata a hannu da dare, da asuba in tarar ta kwance ta ta jefar ƙarƙashin gado. Hajiya kan ce, "Ke 'yar nan ƙyale ta, mai tsotson yatsa ba ta dame ki da kuka ba." Da ta yi famfara sababbin haƙoran gaba suka fito, sai suka fito a ture, suna kallon waje. In ta yi shiru leɓɓanta ba sa haɗuwa sai ta matse su da gangan. Yara suka laƙa mata zomo. A hotunan Sallah na shekara uku a jere, duk hannunta a bakinta yake. Na ga duk wannan. Amma da yake ƙanwar babanta ma haka haƙoranta suke, sai muka ce gado ne, halitta ce, aka rufe maganar.

Washegarin faɗuwarta na kai ta wajen likitan haƙori na gaskiya, karo na farko a rayuwarta. Tambayarsa ta farko ita ce ina guntun da ya ɓalle. Na ce yana can bakin kwata. Ya ce da mun tsinto shi mun jefa a cikin madara mun zo da shi, da mai yiwuwa ya manna mata abinta. Ya ce ko da haƙorin dindindin ne ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, a kama shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a sa a madara a garzayo, don sau da yawa ana iya mayar da shi in ba a ɓata lokaci ba. Allah ya taimake mu karayar ba ta kai ga jijiya ba, ya cike mata da wani abu mai launin haƙori. Da ya gama ya ce min, "Na gyara wanda ya karye, amma ban gyara abin da ya sa ya karye ba. Haƙoran da suka turo haka, leɓe ba ya rufe su, su ne ke fara cin ƙasa in yaro ya faɗi." Ya rubuta mana takarda zuwa wajen likitan daidaita haƙora.

Ban ma san akwai irin wannan likita daban ba. Ashe bayan karatun likitan haƙori, wasu kan ƙara shekaru suna koyon yadda haƙora ke jeruwa da yadda muƙamuƙi ke girma kaɗai. A Legas ana samun su a asibitocin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, da kuma asibitocin kuɗi. Na zaɓi Idi-Araba saboda Goggona tana can cikin unguwar Hausawa, ko ba komai akwai inda za mu sha ruwa mu yi azahar. Muka fita bayan asuba, danfo zuwa Oshodi, wata zuwa Mushin, sannan Keke. Na tafi da Abba don babu wanda zan bar wa shi, Hajiya ta tafi gida a lokacin da Auta.

Likitar mace ce, Bayerabiya, ba ta da yawan magana. Turancina na sakandare ne, ina ji amma in aka shiga kalmomin asibiti sai in ɓace. Allah ya haɗa mu da wata nas da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, ita ta riƙa warware min. Likitar ta sa Yaya ta cije, ta ɗauko wata 'yar ƙaramar rula ta ƙarfe ta auna tazarar da ke tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Milimita 9. Ta ce daidai shi ne 2 zuwa 3. Aka ɗauke ta hoton ƙashi irin wanda na'ura ke zagaya kai, aka haska mana a kwamfuta.

Wannan hoton har yau yana idona. Bakin 'yata gaba ɗaya a shimfiɗe, haƙora a jere, a ƙarƙashinsu kuma cikin ƙashi ga wasu kwance suna jiran fitowa. Likitar ta ɗora bakin biro a ƙasa, dama da hagu, ta ce, "Wa ya cire waɗannan, kuma tana shekara nawa?" Na faɗa mata. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce turmin madara na ƙarshe ba ya faɗuwa sai yaro ya kai 10 zuwa 12. An cire na Yaya tana 5, wato da sauran shekara biyar ko shida na aikinsa. Nas ɗin ta tambaye ni sana'ar maigidana, na ce albasa a Mile 12. Ta ce, "To Maman yara, in Alhaji ya tashi daga rumfarsa ya yi shekara biyar bai zo ba, bai bar yaro ba, bai bar ko buhu ɗaya ba, zai dawo ya tarar da wurin?" Na ce ina, ai kafin sati maƙwabcinsa ya baje kaya. Ta ce to haka haƙori yake. Na madara mai gadin wuri ne. Da aka ɗauke shi, babban turmin da ya fito a bayansa ya matso gaba ya cinye filin, wanda ke ƙasa kuma ya rasa ƙofar fita. Na duba hoton, ga su nan kuwa, a karkace, sun maƙale. Ta ce da an cike kogon tun farko da ba a cire ba. In ma cirewar ta zama dole, akwai wani ɗan zoben ƙarfe mai 'yar waya da ake sa wa ya tsare wurin har mai wurin ya iso.

A nan ne na koyi lissafin da ya kamata a ce na sani tun ina goyon fari. Haƙoran madara 20 ne, na dindindin 32 in an haɗa da huɗun nan na can ƙurya da ba sa fitowa sai an girma. Kuma wajen shekara 6 akwai turame huɗu na dindindin da ke fitowa a bayan na madara, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa suke ɗauka na madara ne, su bar su su ruɓe, su ce ai za su faɗi. Ba za su faɗi ba, kuma in aka cire su babu wasu a ƙasa.

Na tambayi likitar abin da ke cin raina: da yaushe ya kamata in kawo ta? Ta ce shekara 7. Ta ce ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ma abin da take ba da shawara ke nan, a kai yaro a duba shi kada ya wuce 7, domin a lokacin turamen farko da haƙoran gaba sun fito, ana iya ganin yadda sama da ƙasa ke haɗuwa, ƙashi kuma bai gama ƙwari ba. Sai ta ɗaga yatsa ta ce a faɗa min da kyau: dubawa ta ce, ba sa ƙarfe ba. Yawancin yaran da take gani a wannan shekarun ba ta yi musu komai. Ta kuma gaya min gaskiyar da ta ɗan rage min nauyi. Ko da na kawo Yaya tana 7, mai yiwuwa sai an sa mata ƙarfe a 11 ko 12, domin turowar haƙoranta akwai gado a ciki, kuma irin wannan an fi gyara shi lokacin da yaro ke zabgar tsayi. Abin da za a tsare shi ne filin da ya tafi, da yatsan da ya ƙara tura haƙoran, da wataƙila karayar nan. Yaron da ya bar tsotso kafin haƙoran dindindin su fito, sau da yawa bakinsa kan koma daidai da kansa. Tamu ta zarce da shekara uku.

Muna wannan magana Abba yana zaune a kan wata kujera mai juyawa yana kaɗa ƙafa, baki a hangame kamar kullum. Likitar ta dube shi ta ce shekarunsa nawa. Na ce 7 da wata huɗu. Ta ce ya zo. Na ce lafiyarsa ƙalau, haƙoransa ma a jere suke kamar an dasa, rakiya kawai ya yo. Ta ce ba komai, ya buɗe ya rufe a hankali. Ya yi sau uku. A na uku ta sa ni na tsaya daidai gabansa. Yana rufewa, haƙoran suna gab da haɗuwa, sai na ga haɓarsa ta zame zuwa hagu. Shekara bakwai ina kallon fuskar yaron nan ban taɓa lura ba. Ta ja kumatunsa ta nuna min: a hagu, turamen sama sun faɗa cikin na ƙasa, alhali kamata ya yi na sama su rufe na ƙasa kamar yadda murfi ke rufe tukunya. Muƙamuƙinsa na sama ya matse, shi ya sa yake kauce da na ƙasa don ya sami inda zai tauna. In ya girma a haka, fuskar tana iya bin karkatar.

Ta tambaya ko yana minshari. Ni da Yaya muka fashe da dariya, don a gida janareta ake ce masa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce yaro ɗan shekara 7 da ke kwana baki buɗe yana minshari kullum, a kai shi likitan hanci da maƙogwaro ya duba, don akwai wani nama a bayan hanci da kan kumbura ya toshe hanya. Mun je, an duba, an ɗora shi a kan maganin fesawa a hanci na wani lokaci ana bibiyarsa, ba a kai ga aiki ba. Da Hajiya ta ji a waya cewa ta yi a kira wanzami ya cire masa beli. Wannan karon na ce a'a, cikin ladabi, amma na ce a'a.

Na koma gida da takardu biyu, na ajiye wa Baban Abba kusa da kwanon tuwo. Ya karanta kuɗin ya ajiye cokali. Na Yaya kaɗai ya tasam ma hayar gidanmu ta shekara. Ya ce, "Maman Abba, ita dai na ga dalili, ta karye. Shi kuma fa? Kin tafi da lafiyayyen yaro kin dawo da marar lafiya. Mutanen nan kasuwa suke nema." Na ce ya kira yaron ya sa shi ya rufe baki a hankali. Ya yi, ya gani, ya yi shiru. Can sai ya kawo ta biyu, wadda na san ita ce ta fi damunsa: anya wannan ba canza halittar Allah ba ne? Ya ce ya taɓa jin an tsine wa masu gyara haƙora.

Ban iya ba shi amsa ba, shi ma bai tsaya a kan ra'ayinsa ba. Ranar Juma'a ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa. Malam ya ce hadisin gaskiya ne, na Ibn Mas'ud, amma a kan mata ne masu goge tsakanin haƙoransu su ƙirƙiro wushirya don ado. Gyaran aibi da kawar da cuta daban ne. Ya kawo masa labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Baban Abba ya dawo ya ce, "Malam ya ce magani ne. A fara da na yaron tunda shi lokaci ke kora."

Aka fara a Fabrairun 2023, daidai lokacin da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Ga kuɗi a banki, ga asibiti, amma na motar da za ta kai mu sai na saya a wajen mai POS da tsada. Kwandasta ba ya jin tiransifa. Akwai ranar da muka taka daga Mushin har Idi-Araba da ƙafa.

Abin da aka sa wa Abba ƙarfe ne na buɗa ganɗa. Zobba biyu aka manna a turamensa na sama, a tsakiya kuma, a rufin baki, akwai wani ɗan sukurun mai rami. Likitar ta ce ganɗar yaro ɓari biyu ce, akwai ɗinki a tsakiya da bai gama haɗewa ba sai bayan balaga. Yanzu in an tura a hankali ɓarin biyu suna buɗewa, sabon ƙashi ya cike tsakanin. In ya zama saurayi ɗinkin ya ƙafe, wani lokaci sai da tiyata. Sai ta miƙo min makulli, ɗan siririn ƙarfe kamar allura, ta ce ni zan riƙa murɗawa sau ɗaya kowane dare. Kowace murɗa rubu'in milimita.

Daren farko an ɗauke wuta. Na kwantar da shi a kan tabarma, na ɗora kansa a cinyata, Yaya ta riƙe fitilar waya. Nas ta ce in ɗaura zaren makullin a yatsana kada ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro, to wannan maganar ita ta sa hannuna karkarwa. Na ce ya buɗe. Miyau ya taru, hasken yana rawa, ramin ƙarami kamar na allura, na neme shi na rasa. Sauro yana cizon ƙafata ban isa in kore shi ba. Da na samu na zura, na yi bisimilla na tura baya, har sai da rami na gaba ya leƙo, kamar yadda aka koya min. Na zare. Na ce, "Da zafi?" Ya ce, "A'a Mama, kamar ana danna min hanci ne ta ciki." Ya tashi ya tafi wasansa. Ni kuwa sai da na zauna na ɗan lokaci kafin ƙafata ta ɗauke ni.

Kwanakin farko maganarsa ta koma kamar mai ruwa a baki, malamin Islamiyya ya ɗaga masa ƙafa a hadda har ya saba. Burodi da tuwo suna maƙalewa tsakanin ƙarfen da ganɗa, na koma wanke masa da sirinji marar allura bayan kowane cin abinci. Wajen kwana goma sai wushirya ta buɗe tsakanin haƙoransa na gaba, wadda da babu ita. An gaya min za a yi haka, alama ce ƙashin ne ke buɗewa, amma ba a gaya wa Baban Abba ba, ko kuma na gaya masa bai saurara ba. Ya ce, "To ga shi nan, mun biya kuɗi an ɓata yaro." Bayan sati uku likita ta ce a daina murɗawa. Aka bar ƙarfen a wurin wata shida don sabon ƙashi ya yi ƙwari. Wushiryar ta rufe da kanta kafin babbar Sallah. Ranar da aka cire, na tsaya a gabansa na ce ya rufe baki a hankali. Haɓar ta sauka tsaye, ba ta kauce ba. Likitar ta ce kada in yi saurin murna, in sauran haƙoran sun gama fitowa za a sake dubawa, wataƙila ya buƙaci ƙarfe, wataƙila a'a.

Na Yaya kuwa doguwar tafiya ce. Sai da aka cire mata lafiyayyun haƙora huɗu don a sami fili, ni da na ba da biyu a banza tana ƙarama. Ranar nan a ɗakin Goggo na yi kukana. Aka manna mata ƙananan ƙarafa a kowane haƙori aka zura waya, duk bayan sati shida mu koma a ɗaure. Kwana biyu bayan kowane ɗauri ba ta iya cin komai sai kunu da fate. An hana ta rake, aya, gasasshiyar masara, cingam, ƙashi, kilishi. Naman Sallah sai na yanka mata ƙanana kamar na mai yaye. Sau biyu ƙarfe ya ɓalle saboda ta ci gyaɗa a ɓoye, kowanne kuma ya ƙara mana wata guda. Kuɗin kashi-kashi muka biya, na sayar da ɗan kunnena ɗaya na aure, adashina biyu suka tafi a kai. Da jirgin ƙasan Red Line ya fara ɗaukar fasinja a ƙarshen 2024, muka koma hawa daga Agege mu sauka Mushin, aka huta da cunkoson Oshodi. Wata 26 ta yi da ƙarfen. Yanzu roba take sa wa da dare don kada haƙoran su koma inda suka fito, kuma an ce wannan ba ta da ranar bari.

Wani abin mamaki, tana fara sa ƙarfen sai 'yan matan unguwa suka fara sha'awa, wai gayu ne. 'Yar wata maƙwabciyarmu ta je aka manna mata na ado a wani shagon kwalliya da ta gani a Instagram, babu hoto, babu awo. Waya ba ta san wasa ake yi ba, ja take yi. Bayan 'yan watanni dasashinta ya kumbura, haƙori ɗaya ya fara girgiɗa. Ni na raka uwar asibiti.

Da Auta ta cika 7 a 2024, ban jira kowa ya tuna min ba. Na ma fara tara kuɗi, domin nata bakin ya fi na kowa ban tsoro a idona: haƙoran gaba manya-manya kamar ba nata ba, wushirya mai faɗi a tsakiya, na gefensu sun baje kamar mafici. Na shiga wajen likita da ƙarfin gwiwa, na zama gwana. Ta duba, ta sa ta cije, ta shafa dasashin sama da yatsa, ta ce, "Ku tafi gida. Ku dawo bayan shekara." Na ce ba za a sa komai ba? Ta ce ba za a sa ba. Na juya wajen nas na ce ta gaya mata mu a Hausa cewa muke icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta fassara. Likitar ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ce wannan iccen ba karkacewa ya yi ba, girma yake yi. Fiƙoƙin sama suna can cikin ƙashi suna danna saiwoyin na gaba, shi ya sa kawunansu suka baje. In fiƙoƙin sun sauko wajen shekara 11 zuwa 12, yawanci su ke matse na gaban su rufe tazarar. In aka sa waya yanzu ana iya tura saiwoyin su gogi fiƙoƙin a yi ɓarna. Abin da za ta riƙa bibiya shi ne ko fiƙoƙin suna bin hanyarsu. Abu ɗaya ta samu: ɗan ƙaramin kogo a turmin ƙasa na can baya, cikin huɗun nan na shekara 6. Ta tura mu ɗakin da ke kusa aka cike shi a ranar, Auta ko kuka ba ta yi ba.

Na fito raina a ɗan ɓace, ban san dalili ba, kamar wadda ta yi shirin baƙi ba su zo ba. Kuɗin da na tara na biya wa Abba kuɗin makaranta da su.

Hajiya ta dawo Legas a wannan watan. Da na ba ta labari ta tafa hannu ta ce, "Alhamdulillahi, yau dai an sami likita mai hankali." Ta jawo Auta ta ɗaga mata haɓa tana kallon wushiryar, ta ce irin ta mahaifiyarta ce sak, wadda aka yi wa waƙa a garinsu, kuma Yarabawan nan ma da suke ce mata eji ai sun san darajarta. Na ce, "Hajiya, likita ta ce mai yiwuwa ta rufe da kanta in fiƙoƙi sun fito." Ta ce ita dai za ta yi ta addu'a kada ta rufe. Katin asibitin yana cikin jakata, an rubuta mana ranar komawa. Hajiya ta ce da ita za a je, tana son ta ga matar nan da idonta.